Ɗigon Baƙin Mai a Tsakar Gida

Duk 'Yargalma an san Magaji da abu biyu, noman gero da fahariyar cewa ba a taɓa buɗe injin mashin ɗinsa ba. Shekara tara yana hawansa. In ka tsaya gaisawa da shi, kafin ka gama tambayar iyali ya shafa tanki ya ce maka yadda kamfani ya ɗaure shi haka yake har yau. Mutanenmu suna da wannan imani, wai inji in sifana ta shiga cikinsa sau ɗaya, to ya rabu da lafiya ke nan. Ni dai ban ga abin alfahari a ƙin duba cikin abin da kake hawa kullum ba, amma Magaji dattijo ne mai shekara hamsin da 'yan kai, ba a ja masa.

Sai dai mashin ɗin yana zubar da baƙin mai. Daga gindin bulok, wato gangar jikin injin, yake tsattsafowa, inda gaskit ya mutu, wato siririn kwalin nan mai tauri da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya sami hanyar fita. Gyaransa ɗaya ne, a sauke kan inji, a cire bulok, a sa sabo. Magaji kuwa ko a mafarki bai yarda ba. Abin da yake yi shi ne ya sayi gam, irin mai launin toka da ake matsowa, ya lakato da yatsa ya dalaye wurin ta waje. Ya yi mako guda shiru, sai ɗigo ya dawo. Ya ƙara wani gam a kan na da. Cikin shekara guda gindin injin ya yi kauri kamar bangon da ake ta yi wa yaɓe.

Ana tsakar kaka, an fara kai amfanin gona gida, sai Rufaida ta kira shi daga Gummi. Ita ce 'yarsa ta fari, ita kaɗai kuma ta rage musu, tana aure a can. Bayan gaisuwa ta ce 'yarta ta isa yaye, wata ashirin da ɗaya, za ta kawo ta wurin Inna kamar yadda ake yi, ta yi 'yan makonni har ta manta da nono. Magaji ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Jikar nan sau uku kawai ya gan ta, duk a Gummi, kuma sunanta Safa. Ya shiga gida da sauri yana ƙwala wa matarsa kira.

Aishatu tana tsince wake a faifai. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗago ba.

"Ka ce mata ta kai ta wurin uwar mijinta," ta ce.

Magaji ya zaci bai ji daidai ba. "A'i, yaye hwa nic ce. Ɗiyar ɗiyarki ta. Ina anka taɓa yin haka, ga ki da ranki da lahiyarki?"

"Malam, na ji. Can ma gida na. Ka hwaɗa ma ta Gummi haka." Ba ta kiran sunan Rufaida, saboda kunyar 'yar fari.

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce mutane za su ce me. Ta ci gaba da tsince wakenta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ya san matar nan ta ɗinka wa jikar riguna uku ta ajiye a akwati, ya kuma sha ganin ta tana kallon hotonta a waya har hasken ya mutu. Bai gaya wa Rufaida abin da uwarta ta ce ba. Ya ce mata dai ta ɗan dakata, ana aikin gona. Kwana huɗu yana yawo da abin a ransa, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Rana ta biyar ya fita da hantsi zai je Bukkuyum, ya kai bakin gari ya tuna ya bar waya a kan tabarma. Ya jingine mashin a ƙofar gida ya shiga, ko sallama bai yi ba.

Aishatu tana durƙushe a gindin katanga, inda mashin yake kwana. Ta ɗaure hanci da baki da gefen mayafi. Da ƙaramar fartanya take kankare ƙasar da mai ya ɗiga a kai, a hankali, tana zubawa a wani tsohon kwano. Da ta gama ta shafa wurin da tafin hannu, ta sunsuna, ta ƙara kankarewa. Sai a lokacin Magaji ya ga wurin da kyau. Rami ne, faɗinsa ya kai faifai biyu, zurfinsa ya kusa taki guda. Watanni ke nan yana lura ƙarfen da mashin yake tsayawa a kai ba ya zama daidai, har ya sa masa dutse, yana cewa ruwan damina ne ya zaizaye wurin. Ya tuna kuma da wata sakaina da ya riƙa tararwa a nan, yana shure ta gefe da ƙafa don kada taya ta taka.

Wanda ba ɗan garin ba zai ce tsabta ce ta yi wa matar yawa. Magaji ya san ɗaurin mayafin nan. Haka aka koya musu a shekarar dalma.

A wancan lokacin zinariya ta fito a dajinsu, kowa ya shiga. Magaji yana ɗauko buhunan dutse daga rami ya kawo gida, Aishatu tana dakawa a turminta a tsakar gidan nan, da ɗansu Salim goye a bayanta, 'yarsu Safa tana wasa a gindin turmi. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen. Garin dutsen ya bi iska ya kwanta a ƙasa, yara suka ci da hannu. Salim ya fara, da suma da sanƙarewa. Kwana tara tsakani Safa ta bi shi. Rufaida tana da shekara bakwai, likitocin da suka zo suka yi ta ba ta magani har Allah ya tashi kafaɗunta. Daga baya ma'aikata suka shiga gida gida, baki a ɗaure, suka kankare ƙasar tsakar gida kaf suka kwashe, aka zubo sabuwa mai tsabta daga nesa da gari. Tun ranar Aishatu take tsaron ƙasar nan. Takalmin gona ba ya wuce zaure. Allah kuma bai sake ba su haihuwa ba.

Shekara goma sha huɗu, ba ta taɓa ce masa kai ka kawo dutsen ba, shi ma bai taɓa ce mata ke kika daka ba. Sun rufe maganar, sun ci gaba da noma da azumi da salla. Mutane har suna yaba haƙurinsu.

"A'i," ya ce. Ta zabura, ta janye mayafin. "Tun yaushe kika wanga aiki?"

"Tun da yaf fara zuba."

"Kullum?"

"In ka hita."

Ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara. "Shi na ya sa kinka ce kar a kawo yarinyar ga?"

Ta dubi kwanon. "Ɗan yaye komi yag gani baki shika kaiwa, Malam. Ni ban san abin da ac cikin man ga ba. Wancan ma ba mu sani ba." "Kuma sunanta hwa. In anka kawo min wata Safa gidan ga, wani abu yas same ta bisa ƙasar ga, ina za ni sa kaina?"

"To mi ya hana ki hwaɗa min?"

"In ce maka mi? In ce abin da kaka shigowa da shi gida shina ɓata ƙasa?" Ta share ido da bayan hannu. "Ba ni iya hwaɗa maka wagga magana. Ka san ba ni iyawa."

Nan Magaji ya gane. Ta gwammace ta rasa jikarta, 'yarta ta yi fushi, gari ya yi da ita, a kan ta furta kalmar da za ta yi kama da zargi. Kunya ta kama shi, da tausayinta, irin wanda bai ji ba tun ranar da suka dawo daga maƙabarta karo na biyu. Ya karɓi kwanon daga hannunta, ya fita da shi bayan gari ya binne da kansa.

Ya yi tunanin barin mashin a waje, amma a wannan zamani wanda ya bar mashin a ƙofar gida ya kwana to sadaka ya bayar. Ya yi tunanin sa kwano a ƙarƙashi, sai ya hango ƙaramin hannu yana tsomawa a ciki. Ya hau ya nufi Bukkuyum.

Nababa makaniki taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, don haka tsakaninsu babu ragi. Rumfarsa tana gindin wani dogon yaro kusa da tasha. Yana hango Magaji ya fara dariya.

"Ga sarkin gam! Yau kwali nawa za a ba ka? Ko dai in samo maka magini shi zagaye injin da laka mu huta?"

Magaji ya kashe mashin ya sauka. "Buɗe shi za ka yi."

Nababa ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ya leƙa fuskar Magaji ya ga babu wasa a ciki, ya leƙa sama kamar mai duban hadari. "Lahiya dai? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ɗigo guda ba ni so in ƙara gani. Guda, Nababa."

Makanikin bai ƙara tambaya ba. Shi ma ya yi jana'iza a shekarar dalma, ya san akwai fuskar da ba a tsokana. Ya shiga cikin rumfa ya miƙa hannu saman wata ƙusa, ya sauko da leda mai faɗi, ya hure ta. Gaskit ne sabo, kore, a manne da kwalinsa. An rubuta Magaji a gefe da biro.

"Tun bara nis sawo shi Anka," ya ce. "Na san ranar ga tana tahe. Gam ba mugun abu na ba, shina da wurinai. Amma kai ka ɗauke shi ka shahwa bisa mai, ta waje, abin da yal lalace kau shina ciki. Yaushe za shi kama?"

Ya tsiyaye man a galan. Ya cire tanki da salansa da kafireto. Da ya ɗora sifana a kan notin farko na kan inji, Magaji ya kau da kai. Notin ya yi ƙara ya saki, shekara tara ta tafi a banza. Ya jira ya ji baƙin ciki, sai ya ji bai kai yadda ya zata ba.

Sauke bulok bai ɗauki lokaci ba. Kankarewar ce aiki. Nababa ya cusa tsumma a bakin ramin inji don kada datti ya faɗa, ya ɗauki reza ya fara bin gam ɗin, yana ɓamɓaro shi hawa hawa. Tsohon gaskit ɗin ya ƙone ya manne, ya tsage a wuri biyu. Ya ɗago wani zaren gam da ya kutsa ta tsagar ya nuna wa Magaji. Ya ce da wannan ya gangara ya toshe hanyar mai, da injin da ake taƙama da shi ya ƙone a tsakiyar daji.

"Ba ni rezar," Magaji ya ce.

"Kai da ba ka san komi ba sai hauya? Ka karce min ƙarhe in kore ka."

"Nuna min."

Nababa ya nuna masa yadda ake kwantar da reza, ba a tsayar da ita. Magaji ya naɗe hannun riga ya zauna a kan benci da bulok a cinya. Tun kafin azahar yake kankara, ya tashi ya yi salla ya dawo ya ci gaba. Aikin yana cin rai, ɗan mitsitsin baƙi sai ka bi shi sau biyar. Yana yi yana lissafin safiyoyin da Aishatu ta durƙusa a gindin katangar nan, ya ga sun fi ɗari uku. Ya yanke a babban yatsa bai ma sani ba sai da Nababa ya miƙo masa tsumma. Da aka wanke fuskar ƙarfen da fetur ta fito fes, ta yi fari.

Nababa ya shafa da ɗan yatsa ko'ina, ya gyaɗa kai. Ya zare sabon gaskit ya ɗora, kowace ɓula ta faɗa a kan ƙusarta. Magaji ya ce ko za a ɗan shafa gam kaɗan don ƙarin ƙarfi. Nababa ya harare shi ya ce in ya sake ambatar gam a rumfar nan sai ya koma 'Yargalma da ƙafa. Ya mayar da bulok, ya sa wa kan inji nasa sabon gaskit, ya ɗaure notuna a gicciye, kaɗan kaɗan, wannan sannan na can, har suka zauna daidai. Ya zuba sabon mai. Bugu biyu mashin ya tashi, kuma in gaskiya za a faɗa, muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan.

"Ka shimhiɗa kwali ƙarƙashinai shi kwana," in ji Nababa. "In ka ga ɗigo da sahe, dawo min da shi. In ba ka gani ba, ka kawo min gero."

A hanyar komawa Magaji ya ratse ta inda aka ɗebo musu ƙasa a wancan lokacin, ya cika buhu ya ɗaura a baya. Ya isa gida rana tana shirin faɗuwa. Ya cike ramin, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe da ƙafa. Aishatu tana bakin murhu tana kallonsa. Sai ya shiga ɗaki ya buɗe akwati ya fito da farar rigarsa ta shadda, wadda Rufaida da mijinta suka ɗinka masa da babbar salla, sau biyu kawai ya sa ta. Ya shimfiɗa ta a kan sabuwar ƙasar, ya turo mashin ya tsayar a kai, inji a daidai ƙirjin rigar.

"Malam! Rigar salla?"

"Kwali baƙi-baƙi na, ba ki ganin ƙaramin ɗigo. Wagga ba ta ɓoye komi."

Ya dawo daga sallar asuba ya zauna a zaure, ya kasa shiga. Sai da gari ya waye sarai ya leƙa. Aishatu ta riga ta janye rigar. Ta ɗaga ta sama tana duba ta a hasken rana, gaba da baya, ta bi aikin wuyan da yatsa, ta sunsuna. Ta durƙusa ta shafa gindin injin da tafin hannu ta duba. Ta ninke rigar. Da yamma ita da kanta ta sake shimfiɗa ta. Haka ta yi kwana uku, Magaji kuma ya ƙyale ta, don ya san ba shi take gwadawa ba, zuciyarta take lallashi.

Safiya ta huɗu ta kawo masa kunu, ta tsaya a kansa.

"Ka kira ta Gummi," ta ce. "Ka ce ta taho da ita ran Lahadi." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Malam, ni nid daka dutsen nan."

"Ni nik kawo shi, A'i."

"Ba mu sani ba."

"Ba mu sani ba," ya ce. Ta zauna a gefen tabarmar, suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun shekara goma sha huɗu. Kunun ya huce, ba wanda ya kula.

Ran Lahadi Rufaida ta iso da azahar a motar kasuwa. Ta kwance goyo a zaure. Yarinyar baƙa ce, mai kumatu, da ɗan kunne ɗaya, ɗayan ya faɗi a mota. Magaji ya ce ga amaryarsa ta zo ba ko lefe, ta kalle shi ta tsuke fuska ta maƙale a wuyan uwarta. Aishatu ta karɓe ta, ta rungume, ta ƙi sauke ta. Ta yi dahuwa da ita a baya, ta yi alwala da ita a cinya. Yarinya kuwa ta gaji da riƙo, ta fara zillo tana miƙa hannu ƙasa.

"Inna, sauke ta mana," Rufaida ta ce. "Ba ta son ɗauka."

Aishatu ta dubi Magaji. Ta sunkuya a hankali ta dire ƙafafun yarinyar a ƙasa, amma ba ta saki hannunta ba. Sannan ta saki.

Yarinyar ta yi taku shida tana tangaɗi, ta nufi gindin katanga inda ƙasar ta fi ja da laushi, ta zauna daɓas. Ta damƙi ƙasa cike da hannu ta kai baki.

Magaji ya ga matarsa ta yunƙura. Sai ta tsaya. Ta taka a hankali, ta durƙusa a inda ta saba durƙusawa, ta sa yatsa ta kwakule bakin, ta goge da gefen zane. Hawaye yana zuba, tana dariya.

"Tohe, Safa," ta ce. Rabon da a ji ta kira wata yarinya da sunan nan tun shekarar dalma. "Tohe, 'yar nema. Ƙasa ta kawai."